Gishirin Gida Bakwai

Hannunka kwano nawa yake shiga daga wayewar gari zuwa kwanciyar barci? Kada ka yi saurin cewa uku. Uku Malam Inuwa mai ɗinkin hannu ya ce ranar da likita ta tambaye shi, kuma har cikin ransa bai ga ya ɓoye komai ba. Lissafin gaskiya tara ne: ɗaya da safe, ɗaya da rana, bakwai bayan magariba. Waɗannan bakwai ɗin su ne suka kusa raba shi da duniya, su ne kuma abin da ya fi ƙauna a cikinta.

A cikin birnin Zariya aka haife shi, a wani lungu da ke gangarawa daga Babban Dodo, irin lungun da in masu babur biyu suka haɗu sai ɗaya ya jingina da katanga. Mahaifinsa maɗinki ne, kakansa ma haka. Tun bai iya ɗaura wando da kyau ba aka ba shi allura da tsumma, aka ce ya bi layin da aka zana masa. Ya bi. Daga tsumma ya koma hula, daga hula ya koma aljihun riga, har ranar da mahaifinsa ya shimfiɗa masa shadda sabuwa fil, ya ce ya zana aska takwas da kansa, zanen nan mai tsini takwas da ke ƙawata gaban babbar riga. Tun daga ranar zaure ya zama gonarsa, ya zama kasuwarsa. Yakan zauna da hantsi, ya miƙe ƙafa ɗaya ya naɗe ɗaya, ya ɗora rigar a gwiwa, ba ya tashi sai ladan ya kira salla.

Mutum ne mai yin tafiya a zaune. Da zarar allura ta kama hanya, sai hankalinsa ya bar zauren. Zaren ya zama lungu, lungun ya karkata ya wuce bakin kududdufi, ya ratsa ƙarƙashin rimi, ya ɓulle ta wata ƙofar gida da aka rushe tun yana yaro. A gaban riga ɗaya yakan zaga birnin nan kaf, ya gaisa da mutanen da suka daɗe da rasuwa, ya tarar da mahaifiyarsa tana shanya kuɓewa a kan faifai, ya tsaya yana kallonta ba ta san yana nan ba. Masu kawo aiki sun san halinsa. Sai an maimaita sallama kafin ya dawo, ya ɗago kai yana murmushi kamar wanda aka tare a hanya. Ƙafafunsa kuwa ba sa zuwa ko'ina. Masallaci yana bakin lungu. In zuwa kasuwa ya kama, 'yan acaɓa suna nan. Ga shayi a gefensa mai kaurin madara, sukari cokali uku, ga goro a kunci. Da ya haura hamsin jiki ya buɗe, tumbi ya fito, mutane suka ce Malam ya samu hutu, shi ma ya yarda.

Matarsa Mero 'yar Unguwar Juma ce. Sun haifi biyar, sun aurar da uku. Mace ce mai ƙarancin magana, amma Allah ya ba ta hannun girki, har in ana biki a lungun ita ake kira ta tsaya kan tukunyar miya. Inda sunanta ya fi fita kuwa shi ne wurin ciyayya.

Ciyayyar lungunsu ta girmi duk masu cinta. Bayan sallar magariba magidanta bakwai kan hallara a zauren Alhaji Sadiƙu, dattijon lungun, tsohon ɗan kasuwar fata. Kowane gida ya fito da kwanonsa, a jera a tsakiyar tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, hannu bakwai su shiga kowanne. Ba wanda ya taɓa faɗin dokar amma kowa ya san ta: ba a tsallake kwanon wani. Wanda ya janye hannu daga abincin maƙwabcinsa ya faɗi magana mai nauyi ba tare da ya buɗe baki ba, domin ma'anarta yana zargin an zuba masa wani abu ne. A cikin gidaje kuma mata suna da tasu dokar. In kwano ya dawo, matar gida takan buɗe ta duba kafin ta ce komai. In ya dawo a suɗe, ta kwana da sanyin rai. In ya dawo da saura, kafin azahar ɗin gobe an sani a gida bakwai.

Kwanon Mero bai taɓa dawowa da saura ba, kuma ba ta yi masa rowa. Magi huɗu, man ja ludayi biyu, gishiri cikin tafin hannu, 'yar kanwa don miyar ta yi yauƙi, sannan man shanu a narka a kwarara bisa tuwo har ya taru a gefe. Ka ninka wannan sau bakwai, domin sauran matan ma ba su yarda a bar su a baya ba. Wannan ke sauka kan tabarmar Alhaji kowace yamma, a cinye shi cikin raha, a kora da ruwa, a tashi sallar lisha da ƙyar.

Abin ya fara wa Malam Inuwa da daka. Yana cikin ɗinki sai ya ji ana lugude can nesa, taɓarya na sauka a hankali, tim, tim. Ya ji daɗin sautin, don ya tuna masa da gidansu na dā, har ya saka shi cikin tafiye-tafiyensa na zaune. Wata rana ya shiga gida ya tambayi Mero wace ce take daka kullum ba ta gajiya, a wannan zamani na inji. Mero ta saurara, ta ce ita ba ta ji komai ba. Daga baya ƙeya ta fara yi masa nauyi da safe. Sai ranar da ya miƙe zai tafi la'asar, zauren ya juya, ƙirjinsa ya riƙe kamar an ɗora masa buhun hatsi, ya dafa bango ya sulale ƙasa, rigar wani Alhaji na hannunsa da allura a jiki.

A asibiti likitar mace ce, ba ta kai babbar 'yarsa ba. Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake aunawa. Ɗari da tamanin bisa ɗari da goma. Ta ce masa dakan da yake ji ba a gidan kowa ake yin sa ba, jininsa ne ke bugawa a kunnensa, kuma zuciyarsa ta fara gajiya da tura jini da ƙarfi. In aka bar ta haka, ko ta gaza, ko jijiya ta fashe a kai ɓarin jiki ya shanye. Ta rubuta magani, ta ce a sha kullum ko da an ji sauƙi. Ta tambaye shi sau nawa yake cin abinci, ya ce uku. Ta tambayi abin da matarsa take dafawa, ya faɗa. Ta ce a rage gishiri da magi da kanwa, a rage mai da kitse da sukari, a yawaita ganye da wake da tuwon dawa ko na gero, ya riƙa tafiya da ƙafa har jiki ya ɗan yi gumi, ya samu barci isasshe.

Mero ta karɓi maganar da hannu biyu. Ƙosai ya bar gidan, alala ta maye gurbinsa. Shayi ya koma cokali ɗaya. Da rana dambun zogale ko wake da alayyafo, mai ɗan kaɗan, gishiri abin da yatsu biyu za su ɗauka. Malam Inuwa yakan ci yana ɓata fuska, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba. Amma in la'asar ta yi sanyi sai ta ɗora wata tukunyar daban, ta ɓare magi huɗu, ta tsiyaya ludayi biyu. Shi bai ce ta daina ba, ita ba ta tambaya ba. A wurinsu duka biyu wannan ba abincinsa ba ne, na mutane ne. Abin da ake ci a zauren Alhaji zumunci ne, kuma ba su taɓa jin an ce zumunci ya sa jinin wani ya hau ba.

Tafiyar ƙafa ce ta fara ba shi wahala, ba don gajiya ba, don mutane. Dattijo mai tumbi yana tafe shi kaɗai ba kaya a hannu, kowane ɗan acaɓa sai ya taka birki ya ce Baba a kai ka ina. Wani ya tsaya ya tambaye shi ko lafiya a gida. Sai ya koyi riƙe ƙunshin zare a hannu don a ce aike ya fito. Da haka ya kai Ƙofar Doka, ya dawo. Daga baya ya fara bin gindin ganuwa bayan sallar asuba, lokacin kuwa damina ta zauna sosai.

Nan ya ga abin da ya ba shi mamaki. Birnin da ya shekara arba'in yana zagawa a cikin kansa ba shi ne wannan ba, amma wannan ɗin ma yana da nasa mafarkin. Tsohuwar ganuwa ta yi laushi ta kwanta kamar raƙumi mai hutawa, ciyawa ta rufe mata baya, masara ta tsaya a gindinta ganyenta na ɗigar da raɓa. Balbelu kan tashi daga kududdufi farare tas, su ratsa hayaƙin farko na gidaje. Can yamma dutsen Kufena yana zaune cikin gajimare, wata rana a ga kansa, wata rana a ga gindinsa kawai, kamar bai gama yanke shawarar zama a ƙasa ba. Yakan tsaya yana haki, yana ƙirga kalolin kore da ke gabansa, ya samu shida, ya yi tunanin a kasuwa biyu kawai ake sayarwa a zare. Ƙasa tana ƙamshi. Ƙirjinsa yana buɗewa kaɗan-kaɗan. Ya dawo gida da laka a takalmi, da yunwa irin wadda ya manta da ita tun yana saurayi.

Ya koma asibiti yana sa ran yabo. Jinin ya sauka, amma kaɗan. Aka sake ba shi lokaci, ya sake komawa, yana nan inda yake. Likitar ta tambaye shi ko yana shan magani, ya ce bai taɓa tsallakewa ba. Ta ce to ya ba ta labarin jiya, tun daga asuba, kada ya bar komai. Ya faɗi tafiyarsa, ya faɗi kokonsa da alala, ya faɗi waken rana, har ya ɗan ba ta labarin balbelu. Ya ce da aka yi magariba kuma sai suka yi ciyayya, daga nan sai lisha. Ta ce ya dakata. Ta tambayi gida nawa. Ya ce bakwai. Ta tambaya ko yana ci daga kowanne, ya dube ta kamar ta tambaye shi ko yana amsa sallama.

Ta ajiye biro ta ce, "Baba, zuciyarka ba ta san gidan da gishirin ya fito ba. Duk wanda ya shiga, ita ce za ta ɗauka."

Ya ce ai ba don ci ake zaman ba. Ta ce ta sani, mahaifinta ma yana yi a garinsu. Amma in ya ci gaba a haka, ba ta da wani maganin da za ta ƙara masa wanda zai rinjayi kwano bakwai.

Ya dawo gida a ƙafa, bai ga ko balbela ɗaya ba. Hanya biyu ya gani, duk ba daɗi. Ya zauna a tabarma ya janye hannu, an ce yana zargin maƙwabta. Ya buɗe baki ya ce abincin gidajenku yana cutar da ni, ya zagi matan mutane shida a gaban mazajensu. Sai ya zaɓi ta uku, wadda ya ga kamar ta fi sauƙi: ya daina fita. Ranar farko ya aika cewa ciki ne ya ɗan ɓaci. Bayan nan ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Mero ta ci gaba da tura kwanonta kamar kullum, shi kuma yana zaune a tsakar gida da ɗan tuwonsa, yana jin dariyar Bahago, ɗaya daga cikin masu ciyayyar, tana tsallako katanga. Bai taɓa sanin cin abinci shi kaɗai yana da ƙara ba, sai da ya ji taunarsa a kunnensa. Barci ya fara ƙaurace masa. Allura ta daina kai shi ko'ina, zare ya koma zare kawai.

Wata yamma kwanon Mero ya dawo da nauyinsa, ko murfin ba a ɗaga ba. Alhaji Sadiƙu ne ya ce a mayar. Ba a aiko da wata magana ba, kuma ba a bukatar ta: wanda ba ya cin namu, ba ma cin nasa. Mero ta buɗe, ta ga man shanun ya daskare a kan tuwo yadda ta zuba shi, ta rufe, ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi Bahago ya faɗo zauren ɗinki. Bahago taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, mai sayar da man gyaɗa a kasuwar birni, kuma cikin bakwai ɗin shi ne mai baki. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Bawana, an ce ka shiga takaba. Wa ya mutu?"

"Hankalinka. Shi nake yi wa."

"Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana jinya." Ya zauna ya ja ƙoƙon goro gabansa, ya zaɓi mafi girma. Sannan ya sauke murya, abin da ba halinsa ba ne. "Alhaji ya tambaye ni ko wani ya yi maka laifi. Na ce ban sani ba. Amma ka san abin da ake faɗa a cikin gidaje? Ana cewa tsoron hannun wani kake a cikinmu. Tawa matar har kuka ta yi, don miyarta ka ci ƙarshe kafin ka fara cewa ciki."

Malam Inuwa ya rantse ba haka ba ne. Bahago ya ce to mene ne. Malam Inuwa ya ce aiki ne. Bahago ya dubi rigar da ke gwiwarsa, wadda ba ta matsa daga inda take ba tun makon jiya, ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce a gai da aikin.

Da azahar ya sami Mero tana tsince wake a inuwar ɗaki. Ya zauna kusa da ita a kan turmi, abin da bai saba ba. Ya gaya mata yau zai fita, kuma yana so kwanon da za a fitar ya zama irin wanda yake ci a gida. Ta ci gaba da tsinta ba ta ɗago ba.

"Malam, so kake in tura wa maza bakwai miyar marasa lafiya? Tun da aka kawo ni gidan nan kwanona bai dawo da saura ba. Shi kenan abin da nake da shi a lungun nan."

"Na sani. Ni kuma ina so in zauna da su, in kuma ga wata daminar. Na rasa yadda zan haɗa biyun in ba ta hannunki ba."

 Ta gama tsintar wakenta, ta tashi. Can anjima ya ji ta tana daka, wannan karon daka na gaske. Daddawa ta kirɓa mai yawa, da citta da masoro da tafarnuwa, ta gyara busasshen kifi, ta tsinke zogale ɗanye. Magi rabi. Mai cokali biyu. Kanwa ko kaɗan. Ta tuƙa tuwon dawa, ta tsaya a kansa da kwalbar man shanu a hannu, ta daɗe, sannan ta mayar da ita kan kanta.

Shi ya ɗauki kwanon da kansa bayan magariba. Da ya yi sallama aka amsa, aka matsa masa wurinsa, ba wanda ya ce ina ka shiga. Ya ajiye kwanon a layi. Kafin Alhaji ya yi bisimilla ya ɗaga murfin farko, Malam Inuwa ya ce yana da magana. Ya faɗe ta yana kallon tabarma. Ya ce hawan jini gare shi, zuciyarsa ta fara taɓuwa, likita ta hana shi gishiri da magi da mai. Ya ce ba ya zargin kowa, girkin gidajensu ba abin da ya fi shi daɗi a duniya, daɗin ne ma ya hana shi zama kusa da shi. In sun yarda, zai ɗanɗani loma guda a kowane kwano don haƙƙin maƙwabtaka, ya ci nasa. In ba su yarda ba, zai koma ciki, amma ya fi so su san dalili.

 Sai Malam Nafi'u, wanda ya yi ritaya daga aikin akawu a Kongo ta nan Zariya, ya sa hannu a aljihu a hankali ya zaro ɗan katin ƙwayoyi, ya ajiye a kan tabarma kusa da kwanonsa. Ya ce tun bara yake sha. A gida ko ƙwayar magi ba a sa masa, amma matarsa ta ce ba za ta zama abin dariya ba, don haka na ciyayya daban take dafawa. Na kusa da shi ya yi gyaran murya ya ce shi nasa har da suga.

Alhaji Sadiƙu ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Hajiya ma tukunya biyu take ɗorawa. Ni ina cin naku don kada ku ce na raina ku. Ashe ku ma kuna cin nawa ne don kada in ce kun raina ni."

Huɗu cikin bakwai. Gida huɗu ana dafa miya biyu kowace yamma, ta lafiya a bar ta a ciki, mai cutarwa a fito da ita da girmamawa, kowa yana haɗiye ta maƙwabcinsa saboda kunya. Dariyar da ta biyo baya ba mai ƙarfi ba ce, irin wadda dattawa ke yi ne in sun gane sun daɗe suna wauta tare.

Bahago ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ashe asibiti nake zuwa cin tuwo ban sani ba. Ni kaɗai ne mai lafiya a nan."

Alhaji ya tambaye shi ko an taɓa auna shi.

"A auna me, Alhaji? Duk wanda ya je sai an samo masa wani abu. Dubi bawana, lafiyarsa ƙalau har ranar da ya je."

"Ranar da na je ɗauke ni aka yi," in ji Malam Inuwa. "Kai ma in kana so a ɗauke ka, ka faɗa tun yanzu a nemo masu ƙarfi."

Aka buɗe kwanon Mero. Aka ci, aka yaba ƙamshin daddawa, Bahago ya ce miyar tana da kirki amma kamar an yi mata sata. Kwanon ya koma gida da saura, kusan kashi ɗaya cikin uku. Mero ta buɗe ta gani, har washegari gaisuwa kawai ta haɗa su. Sai Malam Inuwa ya sayo mata kifi mai kyau ya ajiye a bakin madafi.

Matan ne suka ƙarasa abin, ba mazan ba. A wani taron suna a lungun, matar Malam Nafi'u ta matso kusa da Mero ta tambaye ta yadda ta yi miyar nan ta kama baki ba magi. Hajiyar Alhaji ta ji, ta jawo kujera. Kafin a watse sun gano dukansu sun gaji da wanke tukunya biyu. Suka yi shawara kada a yanke gaba ɗaya, harshen maza zai yi tawaye. A riƙa ragewa rabi-rabi, wannan makon magi uku da rabi, na gaba uku, kuma duk tare, don kada kwanon wata ya fita daban. Mero ce ta koya musu soya daddawa da albasa a ɗan mai kaɗan kafin a zuba ruwa, da matsa lemun tsami a miyar ganye in an sauke. Sunanta bai faɗi ba, wurin zama ya sake.

Ba a ce komai ya daidaita ba. Gida biyu har yau hannunsu yana da nauyi, kuma an amince loma guda ta isa a fita haƙƙinsu. Bahago yana zuwa da gishiri a ƙulle cikin takarda, ya barbaɗa a gefensa yana kallon taubashinsa ido cikin ido, kuma har yanzu bai yarda an auna shi ba, ko da yake an ga ya fara tambayar Malam Nafi'u ko abin awon yana da zafi. Ranar salla da ranar biki ana komawa gidan jiya, kowa ya sani. Malam Inuwa kuwa jininsa ya sauka inda likita take so, bai bar magani ba, tumbin ya ragu har Mero ta rage masa wando biyu. Malam Nafi'u ya fara bin sa zagayen asuba, yana ta ba shi labarin ofis, shi kuma yana amsawa da to, hankalinsa na can wani wuri. Da yamma yana wurinsa a tabarma, tsakanin Alhaji da bango, inda mahaifinsa ya zauna.

Kai ma akwai waɗanda kuke ci tare, a zaure ne, a shago ne, ko a ofis. Ka je a auna jininka cikin makon nan, ko da kana jin ƙalau. Abin da aka gaya maka, kada ka bar shi a cikin gida. Ka faɗa musu da bakinka tun kafin a yi bisimilla, ka roƙi mai girki ta cire rabin magi daga tukunyar gobe, sannan ka ɗan yi shiru ka ji abin da na kusa da kai zai ce. Don Allah ka gwada.